Dala Ɗari

Ranar Laraba ake ba ni awa guda
in koya wa ƴan ajin ƙarshe neman kuɗi,
ni da albashina ke cikawa tun sha biyu ga wata,
ni da mai kantin Wadata ya san sunana
a shafi uku na littafin bashi.

Na ɗauki alli na rubuta a tablo:
uwar kuɗi, riba, asara.
Na ja layi a ƙasa kamar wanda ya gama magana.

Habsu ta ɗaga yatsa daga bencin baya,
da sauran warin albasa a hannunta.
"Mushe, ina za a sa ƙwan da ya fashe?
Ina za a sa maƙwabciya mai cewa sai gobe,
gobenta kuwa har ta shekara?
In ƙanena ya ɗauki ƙosai biyu a tire,
asara ce ko ciyarwa?"
Aji ya bushe da dariya. Ni ban yi ba.
Littafin da aka aiko daga Yamai
bai bar wa ƙane gurbi ba.

Aka raba musu jari, kowa dala ɗari,
aka ce mako biyu, a juya, a dawo.

Nomau ya sayi ƙanƙara da sassafe,
rana ta Tawa ta riga shi ciniki.
Ya dawo da kula cike da ruwa,
ya ce ya koyi abu guda:
hajar da ke kuka, a gaggauta rabuwa da ita.

Tanimun ya sayi gam da tsohon tib,
ya kafa kansa bakin tasha, ƙarƙashin dogon yaro,
yana toshe hujin ƴan kabu-kabu.
Duk motar da ta ɗaga zuwa Abijan
sai ya bi ta da ido har kwana.
Ubansa ya shiga irinta shekara tara ke nan,
muryarsa kaɗai ke zuwa salla.
Ya ce da ni, "Mushe, ribar nan,
ta zama ce ko ta kuɗin mota?"
Na ce a duba shafi na gaba.
Babu komai a shafi na gaba.

Agali bai sayi haja ba.
Zazzaɓi ya kwantar da uwarsa daren Juma'a.
Ya ajiye mini kwalin magani a kan tebur,
babu ƙwaya ko ɗaya a ciki,
ya tsaya, hannu a baya, yana jiran hukunci.
Takardar rahoto gida biyu gare ta:
ya ci, ya faɗi.
Uwar kuwa na gan ta jiya tana tankaɗe.
Har yau alƙalamina na shawagi a sama.

Habsu ta tare motocin Galmi,
ta sayi albasar da aka tsame, mai tabo,
ta yanka, ta daka, ta shanya a rufin ɗaki,
ta mulmula gabu kamar yadda kakarta ke yi.
Dala ɗari ta haifi tamanin.
Ta buɗe kaye ta nuna mini lissafi,
gida huɗu ta ja, ba uku ba.

Da aka tashi na kira ta gefe,
murya ƙasa, ido a kan ƙofa:
a ba ni curi biyar, sai ƙarshen wata.
Ta ce, "Kai ka ce mana bashi na cin jari."
Na ce haka ne.
Ta ƙirga biyar, ta ƙara ɗaya gyara,
ta lashi bakin biro,
ta rubuta sunana a gida na huɗu,
daidai ƙasan na ƙanenta.