Iri Daidai da Ƙasa

Kwamfutar yayana ce, Allah ya jiƙansa.
Ta zo mini cikin zani, tare da tabaransa.
Shekararta goma sha ɗaya.
Haruffa uku sun goge, yatsana ne ya haddace gurbinsu.

In na kunna ta bayan magariba
sai in ɗora tukunya, in tankaɗe gari,
in dawo in same ta tana juya ido ɗaya,
fankarta na nishi kamar mai hawan tudu da tulu.
Batirin solarmu awa biyu ne ransa,
ita kuwa ta cinye rabi wajen miƙa da hamma.

Ni ba ado nake nema ba.
Mu talatin da huɗu ne a ƙungiyar riɗi,
kowace da tiyarta, kowace da bashinta.
Hajjo, tiya bakwai. Tabawa ta biya rabi.
Abin da na ba ta ajiya ke nan,
sai wasiƙar taki, sai karatun Ilu.

Ran nan ana jibi rabon kuɗi
ta tsaya cak, wai sai ta sabunta kanta.
Ta lashe datar wata guda kamar akuya a buhun dusa,
ta bar ni da lissafi a ka, da tocila a baki.

Alhamis na bi motar awaki zuwa Maigatari.
Haladu ɗan ƙanwata, a rumfar gyaran waya,
ya kwance bayanta, ya kasa kunne.
Ya ce, Inna, lafiyarta ƙalau.
An ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Ya zube filas uku a kan benci,
ya ce ɗanɗana, ba a sayen nono a rufe.
Ta farko kyakkyawa ce, tagoginta har rausaya suke,
amma fanka ta ɗauki kuka.
Ta biyu, komai sai ta tambayo intanet,
mu da sabis sai an hau jigawar bayan makaranta.
Ta ukun ba kwalliya,
fuskarta wayam kamar faifai.
Kafin mai shayi ya miƙo kofi, ta farka.

Na ce, nawa? Ya ce, kyauta, Linuks ake ce wa danginsu.
Na ce, Haladu, araha ba ta ado.
Ya ce, ai kin ce ba ado kike nema ba.

To, na titsiye ta kamar mai sayen saniya.
Tana buɗe littafin bashi? Ta buɗe.
Tana rubuta ƙugiya, kada ɓarawo ya koma barawo? Ta rubuta.
In wuta ta ɗauke, za ta manta da ni?
In ta ƙi, wa zai lallashe ta?
Ya ce, ni. In ba na nan, akwai Barira a Gumel.

Sai na tuna Baba a gonar rairayi,
yana mai da dawa mai jinkiri cikin rumbu,
yana cewa ƙasa ake tambaya, ba a tambayar ido.
Na ce, kwashe mini sunayen matan tukuna, sau biyu,
sannan ka shuka wannan.

Wata biyar ke nan.
Sau ɗaya ta yi gardama da firintar makaranta,
muka sasanta su.

Abu ɗaya ne ban faɗa wa Haladu ba.
Wancan dogon jiran,
a cikinsa nake yi wa yayana addu'a.
Yanzu ina taɓa ta, ta buɗe ido.
Sai in rufe nawa,
ita ta jira ni.