Dalma

Gusau ba ta gama wanke ido ba
na sa hannu a littafi, na karɓi tulun.
Bai fi kofin shayi girma ba,
amma sai da hannu biyu.
Ƙwaya ɗaya ce a ciki,
sauran nauyin duk na dalma ne.

Dalma.
Na san ta tun a ƙauyenmu, can bayan Anka,
shekarar da turmin gero ya koma dakan dutsen zinariya.
Ƙanena Barmo ya yi rarrafe a tsakar gida,
ya tsotsi yatsa,
bai ga damina ta uku ba.

Yau ita ce garkuwata.
Ita ke tsaye tsakanina da baƙon da ba ya sallama,
ba wari, ba launi, ba inuwa.
Na'ura kaɗai ke jin sawunsa,
tana ƙyas-ƙyas kamar gyare a bayan randa.

In auna, in duba agogo, in sake aunawa,
don maganin nan cin kansa yake yi:
kwana takwas, rabin ƙarfinsa ya tafi.
Da awartaki nake ɗaukarsa.
Ba a doguwar gaisuwa a gabansa.

Ga Gwaggo Tsahara daga Kwatarkwashi,
maƙoƙo ya hana ta barci,
zuciya na sukuwa ko tana zaune.
Na tambayi sunanta sau biyu, na duba takarda.
Ta ce, "'Yar nan, kurma ce ke?"
Ta haɗiye, ta bi da ruwa.

Tun jiya muka yi maganar, na sake tuna mata:
moɗarki daban, shimfiɗarki daban,
surukarki mai juna biyu
ta gaishe ki daga bakin ƙofa.
Kada ki goya jika.
Ta daɗe tana kallon zanenta.
"Ko Ɗanjuma? Ba ya barci sai a bayana."
Ko shi, Gwaggo. 'Yan kwanaki ne.
Wutar da ke dafa tuwo
ba a rungumarta.

La'asar sakaliya.
Safar hannu ta shiga kwandon da ke da kwado,
na rubuta kwanan wata a jikinsa.
Na bi tafin hannuna da na'ura,
na bi takalmi, na bi gefen hijabi.
Gyare ya yi sanyi.

Na mayar wa tulun murfinsa.
Ban yafe mata Barmo ba.
Amma kafin in kashe fitila
na ji bakina ya ce mata,
sannu da aiki.