Harafi Hamsin-Hamsin

A Agege, bayan layin dogo,
inda jirgi kan girgiza mini allura,
nan na kafa keke, shekara ashirin da uku,
ina ɗinka sunayen 'yan makaranta a bakin aljihu.
Harafi hamsin-hamsin nake yi, ba ragi.

Uwar Oluwadamilola ta zo da riga uku.
Na ƙirga da yatsa, goma sha uku cif,
sunan ya cika aljihu, ya nufi hammata.
Na ce, a rage?
Ta ce, ko ɗigo. Addu'a ce,
wa ya taɓa yanke wa addu'a wutsiya?
Sai ga yarinyar ta nufi bakin titi,
ga ɗan acaɓa ya taho a guje,
uwar ta ƙwala: Dami!
Tsoro bai san doguwar addu'a ba,
na ɗari biyu ya ishe shi.

Chukwuebuka ya cinye mini rabin ƙwarƙwaro.
Isa kuwa, kafin in gyara zama na gama,
ubansa kan biya yana murmushi
kamar wanda ya ci riba tun ranar suna.

Namu ma sun sake salo.
Bana a aji guda na ɗinka Afnan bakwai,
Haidar biyar, Ilham ban ƙirga ba,
har ƙafata ta haddace su, ba sai na duba ba.
An ce in malama ta kira ɗaya
benci biyu ke miƙewa.
Rabona da Tanko tun ana hawan molue,
rabona da Azumi, da Cindo mai yatsa shida,
Ladidi ta ƙarshe da na ɗinka
yanzu ita ke kawo rigunan 'ya'yanta.
Ashe suna ma atamfa ne,
a yi yayinsa, a ninke, a sa a ƙasan akwati.

Ni Nomau ne.
Ana tsakar noma aka haife ni, can Ɗanbatta.
Ikko ba ta da gona, ba ta ga amfaninsa ba,
sai ta ce mini Aboki,
ni da mai shayi, da mai canji, da mai wankin takalmi.
Duk garin nan ba sunan da ya kai shi yawa,
kuma ba a taɓa yanka masa rago ba.

Da aka yi wa ɗana Sabi'u haihuwa,
ya zo da waya, yana murza mini sunaye,
gajeru, masu santsi, kamar na turare.
Na ce, sa na mahaifiyata.
Matarsa ta aiko cewa na tsofaffi ne.
Kwana shida ba ma haɗa ido,
na bakwai liman ya raɗa, maroƙi ya faɗa sau ɗaya,
na sunkuyar da kai.

Na yi nasara, ka ji.
To amma wa zai kira shi?
Ni ba na faɗin sunan uwata,
Sabi'u ba ya faɗin na kakarsa,
surukata kunya ta ɗaure mata harshe.
Sai Mami. Mami zo, Mami sauka daga kan keken nan.
Sunan da na yi wa faɗa
yana kwance cikin takardar asibiti.

Jiya aka kawo rigarta ta makaranta,
aljihun bai kai tafin hannuna ba.
Na zaɓi koren zare.
Harafi shida ne, ɗari uku ke nan,
ba wanda zan karɓa a hannunsa.
Ina kan na huɗu jirgin Ibadan ya taho,
na ɗage ƙafa, na dafe rigar,
na jira sai da ƙasa ta daina rawa.