Gadon Sama

Ni ne a gadon sama, Sagiru a na ƙasa,
ɗaki na huɗu, makarantar kwana a bayan Naraguta,
inda sanyin asuba ke cizon yatsa
tun ƙararrawa ba ta buɗe baki ba.

Sagiru yana da in'ina.
Sunansa ma hawansa yake kamar dutse,
ya zame, ya sake kamawa.
Siniya Tanimu ya gano haka a makon farko.
"Faɗi sunanka mu ji, baƙo."
Ɗaki ya kwashe da dariya,
da tawa a ciki. Ba zan ɓoye ba.

Daga nan sai bokiti uku kafin sallah.
Garin kwakinsa ya zama haraji,
sukarinsa ya bi sahu,
bargonsa ya yi ƙaura zuwa gadon Tanimu
a watan da ko kare ba ya son kwanan waje.
Ranar da ruwa ya zube masa a hanya
ya yi durƙuso a kan tsakuwa
har gwiwarsa ta haddace kowace ƙwaya.

Da dare gadon ƙarfe yakan yi rawa.
Ba iska ba ce, na sani.
Kuka ne da aka toshe da matashi,
yana bin ƙafafun gado har gadon bayana.
Sai in tuna zancen gemun ɗan'uwa da ya kama wuta,
in shafa wa nawa ruwa,
ni da ko gemun ban tsiro ba,
in ja bargo.

Akwai wani ɗan littafi mai koren bango
da iyayenmu suka sa wa hannu ranar da aka kawo mu.
Nawa na tokare ƙafar akwati da shi.
Dachung, ɗan Bukuru, mafi ƙanƙanta a ɗakin,
shi ya karanta nasa,
shi ya ƙwanƙwasa ƙofar Malama Kaneng.

Kwamiti ya zauna ranar Laraba.
Mutum biyar, tebur ɗaya, mu a jikin bango.
Aka ce doka ba ta yanke hukunci da kunne ɗaya.
Tanimu ya ce wasa ne.
Ya ce shi ma haka aka yi masa a aji ɗaya,
ya naɗe wando ya nuna tabo a ƙwauri.
Malama ta daɗe tana duban tabon.
Ta ce, "Lallai kana bin bashi,
amma ba Sagiru ne ya ci ba."

Sai aka ce Sagiru ya yi magana.
Agogon bango ya gaji da ƙirga.
Ba wanda ya ƙarasa masa kalma,
ba wanda ya dubi ƙasa don ɓoye murmushi.
Ya kai ƙarshe da ƙafarsa.

Mako biyu a gida, ya dawo da mahaifinsa,
a karɓe bajon shugabanci,
ya mayar da bargo a gaban ɗaki,
duk Juma'a ya zauna da mai ba da shawara.
Tanimu ya share ido da bayan hannu.
Ashe wanzami ba ya son jarfa.

Na ɗauka an tashi.
Sai Malama ta lashi yatsa ta buɗe shafi na tara:
"Wanda ya gani, ya yi shiru..."
Ta ɗago kai.
"Wa ke kwana a gadon sama?"

Ba a kore ni ba.
Shafin aka ba ni in karanta a taron safe,
gaban ɗalibai ɗari shida.
A layi na biyu harshena ya sarƙe,
na zame, na sake kamawa.
Sagiru yana sahun gaba.
Ya jira ni.

Daren nan gadon bai yi rawa ba.
Sai dai na ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa,
da murya tana hawa dutsenta a hankali:
"Ha-Hamisu, ka yi barci?"