Makullai Bakwai

Sati uku da fara dillancin gidaje a Tawa,
makullai bakwai a aljihu, ban san na wace ƙofa ba.
Na kai Hajiya Tsahara ganin gida, rana tsaka,
makulli ya ƙi juyawa.
Ta dube ni, ta hau babur ɗin ɗanta.
La'adata ta bi ta.

Tsoho Zabairu bai yi dariya ba.
Ya ce: "Kai ba rumbu ba ne, yaro. Sayi kaye."

Yanzu kowane makulli da zarensa,
ja na Wadata, shuɗi na bayan tasha.
Lambar fili, sunan magada,
har na Abijan da bai sa hannu ba,
sai na rubuta kafin isha.

Jiya Hajiya ta kira.
Na buɗe shafi na tara
sannan na amsa sallama.