Shekarar da Hayaƙi Ya Ɗauke

A garinmu na bakin kogin Monongahela
mata sun saba tsine wa hayaƙi.
Shanya farar riga da hantsi,
kafin la'asar ta koma toka.

Sai ga alif ɗari tara da talatin da biyu,
shanyar innata ta bushe fara ƙal.
Ta tsaya kallonta, hannu a baki,
kamar wadda aka aiko wa da saƙon mutuwa.

Masana'antar ƙarfe ta yi tsit.
Jiniyar asuba ta haɗiye harshenta,
amma babana Ondrej bai daina tashi ba.
Ya ɗaure takalmi, ya ɗau gwangwanin abinci,
ba komai ciki sai cokali,
ya fita, don kada maƙwabta su gane.
Su ma haka suke fita.

Dala ɗari uku da sha ɗaya,
gumin shekara sha huɗu a bakin wuta.
Ran da banki ya garƙame ƙofa
ya dawo da ɗan littafin a aljihu,
lambobi na nan daram da shuɗin tawada,
kuɗin ne suka yi ɓatan dabo.

Muka koyi sabon lissafi:
dankali huɗu, baki bakwai.
Inna Zuzana ta ce ita ta ci a tsaye, wajen girki.
Sai da na haihu na gane ƙaryar.

Ni da ƙanena Matus muna bin layin dogo da buhu
muna tsintar kwal.
Akwai wani mai ba injin jirgi wuta,
har yau ban san sunansa ba,
in ya hango mu sai shebur ya kuɓuce masa,
kullum a wuri ɗaya.

Agogon bango ya tafi.
Keken ɗinki ya bi shi.
Bango ya riƙe tabon agogon,
muna ɗaga kai mu duba lokaci a jikin tabo.

Rannan na ga baba a layin miya bayan coci,
ya ja hula har hanci.
Ya gan ni. Na kalli takalmina
da kwalin da ƙanƙara ta jiƙa.
Ba mu taɓa maganar ba, har ya koma ga Mahaliccinsa.

Hayaƙi ya dawo daga baya.
Matus bai gani ba,
tari ya riga shi zuwa.

Yau na tsufa, jikoki na yi mini dariya:
in shanya ta bushe fara,
gabana faɗuwa yake.