Huji na Biyar

Da ƙusa na huda shi, a bayan garejin Karantina,
huji na biyar a bel ɗina.
Ranar, Ɗanjuma mai faci har tafi ya yi,
ya ce Sallau ya koma saurayi.
Shekara huɗu ke nan. Yanzu ba mai tafi.
Wanda ya zubar da kilo talatin ake yi wa barka,
mai tsare ƙofa kada su dawo
ba a san yana aiki ba.

Ƙiba tana da haƙurin mai bin bashi,
ta kuma san gidana.
Tana jira bakin tanderun ɗan Afgan
inda tamis ke fitowa da tururinsa.
Tana cikin tiren mandi ran Juma'a
in maigida ya turo mini kitsen rago
yana rantsuwa sai na ci.
Na koyi cewa alhamdu lillahi
alhali da sauran wuri a ciki.
Dabino uku. Shayi ba sukari,
har harshena ya daina kai ƙara.

Kafin rana ta ɗora Jidda a kan murhu
ina bakin Bahar Maliya, ina taku,
ina ƙirga fitilun titi.
Ɗari da ashirin, in juyo.
Kyanwowin wurin sun san takalmina.

Inna ta gan ni a waya, ta yi shiru,
can ta ce: Ko Saudiyya ba ta karɓe ka ba?
A garinmu tumbi ne shaidar samu.
Ban gaya mata ƙafar Malam Barau ba,
wadda ciwon suga ya ci daga yatsa zuwa gwiwa,
ni na tuƙa shi asibiti, ni na dawo da takalminsa ɗaya.

Azumin bara na zame.
Sambusa, lugaimat, wani dare ya ja wani,
kilo biyar suka shigo ba sallama.
Na koma huji na huɗu ina jin kunyar bel.
Wata uku na yi kafin in fitar da su.

Tsohuwar jallabiyata tana ƙasan akwati,
mutum biyu za su shiga.
Lantana ta ce a bayar sadaka.
Na ce bari tukuna.
Na saita agogo ƙarfe huɗu da rabi,
na ajiye takalmi a bakin ƙofa.